Orvokki Lafiya Lau

Litinin, 2 ga Yuni, da yamma

Mun buɗe shekara. Iska daga kudu, ba ƙarfi, ruwan tafkin Saimaa har yanzu sanyi ƙalau. Injin Kuikka, jirgin ruwanmu na yawon baƙi, ya tashi bugu ɗaya, duk da jirgin ya yi hunturu guda a kan tudu. Baƙin ba su da yawa: Jamusawa, da wasu tsofaffin mata daga Oulu, da wani ɗan Japan mai kyamara. Zagayen da muka saba ne, daga tashar kasuwar Savonlinna mu bi ta gaban Fadar Olavinlinna, mu kewaye tsibirai, mu dawo. Ni a sitiyari, matata Orvokki a makirfo, kamar yadda muke tun kafin 'yarmu Vuokko ta shiga makaranta.

Da muka zo gaban Olavinlinna ta ba su labarin baƙin ragon da aka kiwata a cikin fadar, wanda ya hau katanga cikin hadari ranar da abokan gaba suka kewaye ta, suka hangi ƙahoni da walƙiya a bayansu, suka ɗauka Shaiɗan ne, suka ruga. An yi dariya. A dawowa, da muka sake biyowa ta gaban hasumiyoyin, ta sake ba su shi daga farko, kalma da kalma, har da inda take ɗan tsayawa don a yi dariya. Aka sake yi. Jamusawa mutane ne masu ladabi.

Igiyar gaba tana son canji.

Laraba, 4 ga Yuni, da hantsi

Na canza igiya. Da na buɗe akwatin rigunan ceto na tarar da man shanun gida a ciki, ya narke a kan riga ɗaya. Na wanke rigar, na shanya ta a bayan ɗakin tuƙi inda ba a gani. Orvokki lafiya lau, tana guga.

Alhamis, 5 ga Yuni, da rana

Na je rumfar Sirkka in sayi lörtsy mai nama, soyayyen burodin nan na garinmu, kafin fita ta biyu. Tun suna aji ɗaya a firamare suke ƙawance da Orvokki, saboda haka ba ta jin nauyin kowa a gidanmu. Ta naɗe min abin a takarda amma ta ƙi sakinsa. Ta ce Orvokki ta zo jiya da safe ta sayi na tuffa, ta tafi, can ta dawo ta sake gaishe ta kamar ba su haɗu ba, ta kuma tambayi jikin mahaifiyarta. Mahaifiyar Sirkka ta daɗe da rasuwa, Orvokki ce ma ta yi waƙa a wurin jana'izar.

Na ce murar da ta yi a watan Afrilu ce ba ta gama sakinta ba, kuma farkon shekara kowa kansa a cike yake.

"Reijo," in ji Sirkka, "ni ba baƙuwar jirginka ba ce. Kada ka kewaya da ni."

Na ce lörtsy ɗin nata na bana ya fi na bara maiƙo. Ta sake shi.

Asabar, 7 ga Yuni, da safe

Ruwan sama. Ba mu fita ba. Orvokki lafiya lau.

Litinin, 9 ga Yuni, da yamma

Doguwar tafiya zuwa Punkaharju, da tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa daga Pieksämäki da matansu. Rana ta fito tun safe, tafki kamar an goge shi. Duk wanda ya ji Orvokki yau zai san ba komai.

Tun daga nesa, da siririn tudun Punkaharju ya bayyana da dogayen itatuwansa a jere, ruwa dama ruwa hagu, ta sa kowa ya yi shiru. Ta faɗa musu yadda ƙanƙara ta zube yashi da tsakuwa a wurin lokacin da take janyewa, da yadda aka hana sare itace ko ɗaya tun zamanin sarakunan Rasha, da yadda masu kuɗin birni suke zuwa otal ɗin gwamnati su sha iska don huhunsu. Wani tsoho mai sanda ya ce kakansa ne ya shimfiɗa layin dogon da ya bi ta tudun. Ta ce, to ashe kakansa ne ya kori shirun wurin, sai ya biya tara, tarar kuwa waƙa ce. Ya tashi ya yi, matan suka amsa, har ni na sami kaina ina bin su a ɗakin tuƙi.

A hanyar dawowa ta kawo min kofi, ta dafa kafaɗata ta ce, tsoho, gashin bayan kanka ya fara guduwa. Na ce ya gaji da surutu ne. Sirkka ta cika sa ido. Da tana cikin jirgin yau da ta ji kunya.

Laraba, 11 ga Yuni, da la'asar

Jamusawa cike da jirgi, motarsu ta kawo su daga Helsinki. Orvokki ta fara da harshensu yadda ta saba. Muna wuce gada sai na ji ta koma namu, kuma ba na makaranta ba, na ƙauyensu, irin wanda take yi da Sirkka. Tana ta yi musu bayanin masu tura gungumen katako a tafki, su kuma suna kallonta suna murmushi. Ta madubi na ga wata mata ta taɓa mijinta.

Na danna oda, na rage gudu, na leƙo na nuna wani dutse can nesa na ce norppa ce, dabbar ruwan tafkinmu da ba a cika gani ba. Kowa ya ruga gefe ɗaya da wayarsa, har jirgin ya karkata. Kafin su gane dutse ne, Orvokki ta sha ruwa ta koma Jamusanci. Ɗan Adam da son ganin dabbar da ba ta son a gan ta. Ni kaina a bana ban ga ko kan guda ɗaya ya ɓullo ba.

Alhamis, 12 ga Yuni, da yamma

Na danna oda yau ma, a gaban Fada. Tauno, mai jirgin da yake ɗaure kusa da namu, ya tambaye ni ko na fara neman aure ne da nake ta busa haka. Na ce ina gwada ta ne.

Vuokko ta kira daga Lappeenranta. Ta jira sai da uwarta ta ba ni wayar ta fita lambu, sannan ta ce Mama tana ta kiranta a makaranta tana tambaya ko za ta zo Juhannus, bikin tsakiyar bazara, ta ce za ta zo, an jima kuma sai ta sake kira. Na ce ɗoki ne, uwa ce. Ta ce, Baba, akwai abin da ya kamata in sani? Na ce sauro ya yi yawa a bana, ta taho da magani.

Lahadi, 15 ga Yuni, da safe

Jiya tsibirin Linnansaari. Ban rubuta ba.

Lahadi, 15 ga Yuni, da yamma

Bari in rubuta yadda aka yi, don in an tambaye ni kada in faɗi biyu.

Tafiyar yini ce, baƙi daga Holan, yawancinsu sun manyanta. Mun sauka a tsibirin wajen tsakar rana. Tsarin bai taɓa canzawa ba: Orvokki ta hau da su ta hanyar daji zuwa kan dutsen da ake hango tafki, ni in zauna a bakin ruwa in hura wuta, in dafa kofi, in soya fanke. Ta san hanyar nan kamar tafin hannunta. Ta tafi da su tana nuna musu furannin bakin hanya, ina jin muryarta har ta ɓace a cikin itatuwa.

Kofi ya dahu. Fanke ya huce. Na sake dafa wani kofin. Da na ga inuwa ta juya, na kashe wutar na bi su.

Ban yi nisa ba na gamu da su suna saukowa ta wata hanyar da ba tamu ba, wata doguwar mata a gaba da waya a hannu, maza biyu sun riƙe wani dattijo da ya gurɗe ƙafa, wandonsa duk laka. Orvokki ba ta cikinsu. Matar ta ce sun bar hanya tun da wuri, sun shiga fadama, sun yi ta zagaye wuri ɗaya, sai ja-gorar ta ce su tsaya nan ta duba gaba. Sun jira, ba ta dawo ba. Ba ta ɗaga murya ba da take faɗa min. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Na kai su jirgi, na ɗaure wa dattijon ƙafa, na ba su fanke mai sanyi, na koma da gudu. Rabon da in yi gudu har na manta.

A kan dutsen na same ta. Ta cire takalma ta ajiye a gefe, tana zaune tana kallon tsibirai, makirfon aljihu a cinyarta. Ta juyo ta yi min murmushi ta ce na yi saurin zuwa. Sannan ta yi min wata tambaya game da Vuokko. Ba zan rubuta ta ba. Na ce tana nan lafiya, tana wurin kakarta. Na durƙusa na sa mata takalman.

A hanyar gida ba wanda ya ɗauki makirfo. Tafkin ya yi kyau ƙwarai, kuma norppa ta gaske ta ɓullo kusa da jirgi, ta bi mu ɗan lokaci. Ba wanda ya ɗauki hoto.

Litinin, 16 ga Yuni, da hantsi

Matar kamfanin da ya turo 'yan Holan ta kira. Na ce jiri ne ya ɗebi Orvokki, rana ta yi zafi kuma ba ta karya kumallo ba. Ta ce ta gane, ta yi mata fatan sauƙi, ta ce za su sake duba tafiyarsu ta watan Yuli. Ƙafar dattijon ba karaya ba ce.

Orvokki ba ta ta da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Ta wuni tana wanke labule.

Talata, 17 ga Yuni, da yamma

Zagayen gari kawai. Iska daga yamma. Oda sau ɗaya. Na gaya wa Tauno ya karɓi tafiyar Linnansaari ta makon gobe, na ce famfon ruwan injina yana min wasa. Ya dube ni ya ce injin da ya ji yau ƙalau yake. Na ce shi ya sa ba shi ne makanike ba.

Orvokki lafiya.

Alhamis, 19 ga Yuni, da yamma

Vuokko ta iso gidan gonarmu na bakin tafki da rana, da sabon dankali da kifi. Kafin ta zo nan ta biya ta kasuwa, to ta ga Sirkka, Sirkka kuma ta ji daga Tauno, Tauno ya ji daga direban motar 'yan Holan. Garin nan ko tari ka yi a wannan gaɓa sai a ce maka sannu daga waccan.

Ta same ni a bayan sauna, ɗakin wankan tururi, ina yankan rassan itacen koivu na adon ƙofa. Ba ta yi kewaye-kewaye ba, halin uwarta ne. Ta ce ta riga ta nemi ganin likita, an ba su Alhamis mai zuwa. Ta faɗi sunan abin. Na ce kada ta sake faɗinsa a gidana. Ta ce in ba a faɗa ba zai fasa ne? Ta ce wancan karon ƙafar mutum ce, wani karon fa? In ta taka gefen jirgi a tsakiyar tafki ina sitiyari fa? Na ce shekara nawa ina kai mutane ina dawo da su ba wanda ya jiƙe, ba ita za ta koya min ba.

"Baba, ba Mama kake karewa ba," in ji ta.

Na ɗauki gatari na tafi wurin itacen wuta. Na faskara abin da zai ishe mu har hunturu biyu. Da na dawo suna kicin su biyu suna wanke dankali suna dariya a kan wani malamin su Vuokko. Orvokki ta dube ni ta ce wa ya taɓa min tsoho? Na ce sauro.

Jumma'a, 20 ga Yuni, da safe

Jajibirin Juhannus. Na kafa koivu biyu a ƙofa, na ɗaura wasu a gaban jirgi da bayansa. Sama garau. Vuokko ba ta min magana sai ta kama dole. Ta ce za ta bi mu fitar yamma, za ta zauna kusa da uwarta. Ban hana ba.

Asabar, 21 ga Yuni, da rana

Fitar jiya ta yi kyau. Jirgi ya cika, rabi baƙi rabi 'yan gari da ba su da gidan gona. An ɗaga tuta ko'ina. Muka bi gaɓa a hankali muna kallon manyan wutar da aka tara a kan duwatsu da kan ruwa, wata an riga an cinna, wata ana jira, rana kuma ta tsaya a kan itatuwa ta ƙi faɗuwa. Orvokki ta sa farar rigarta. Ta gaya wa 'yan matan Italiya su tsinki furanni kala bakwai su sa a ƙarƙashin matashi, za su yi mafarkin mijin da za su aura. Wata ta tambaye ta ko ita ta gwada. Ta ce ta gwada, ta yi mafarkin wani dogo mai fara'a, amma da gari ya waye sai wancan ya zo, ta nuna ɗakin tuƙi. Jirgi ya ɗauki dariya. Hannuna yana kusa da oda tun da muka tashi har muka ɗaure, ban taɓa ta ba. Na so in kalli Vuokko in ce kin gani? Da na kalle ta, kuka take yi a ɓoye, ta juya wajen ruwa.

Yau da safe na hura sauna tun Vuokko tana barci. Muka shiga mu biyu. Orvokki ta watsa ruwa a kan duwatsu, ta bari tururin ya sauka, ta ɗauki damin ganyen koivu ta bubbuga min baya yadda take yi kowace shekara. Sannan ta ajiye shi ta zauna.

"Reijo, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya," ta ce. "Ka daina danna odar nan. Ka kori duk agwagin Saimaa."

Na ce wace oda.

Ta ce tun watan Janairu ta sani. Ta shiga kanti ta tsaya a gaban madara, ta rasa a wane gari take, har sai da wata yarinyar kanti ta kira sunanta. Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ba ko yaushe take gane lokacin da abin ya zo ba, amma tana gane bayansa, a fuskokin mutane, da fuskata musamman, wai nakan yi kamar wanda ya haɗiyi ƙaya. Ranar tsibirin ba ta tuna komai tsakanin fadama da jirgi, sai dai ta ga lakar wandon mutumin, ta ga ba wanda yake kallonta.

Na ce me ya sa ba ta faɗa ba.

"Kai nake jira. Na ga kana ta ƙoƙari, na ce bari in bar shi ya gaji."

Na watsa ruwa da yawa a kan duwatsun, har tururin ya cika ɗakin, ba mai ganin wani. Muka zauna a haka. Da muka fito ta riga ni faɗawa tafki, ta yi iyo har wurin dutsen da take zuwa, ta dawo. Na tsaya a kan katako ina kallonta har ta taka ƙasa.

Lahadi, 22 ga Yuni, da yamma

Mun zauna mu uku a baranda. Ni na ce ta ci gaba da zagayen gari, ba sauka ba hawa, ina nan ina kallo. Orvokki ta ce a'a. Ta ce ba ta son ranar da za ta ga baƙi suna tausaya mata, gara ta sauka tun ana dariya don ta ba da dariya. Za ta kai ƙarshen wata, shi ke nan. Ta ce Marjatta, wadda ta yi ritaya daga koyar da harsuna a sakandare, za ta iya, muryarta dai kamar ana karanta sanarwar coci, amma ba ta ƙarya a kan shekaru. Ita da kanta za ta kira ta.

Na yi musu, na sake yi. Su biyu suka haɗe min kai. Vuokko ta tafi da jirgin ƙasan yamma. A tasha ta rungume ni, ta daɗe ba ta sake ni ba, mutane suna wucewa. Na ce jirginta zai tafi.

Talata, 24 ga Yuni, da rana

Marjatta ta bi mu fita biyu tana saurare. Orvokki ta ce mata labarin rago ba a gaggauta shi, sai an bar ragon ya hau katanga da ƙafarsa.

Alhamis, 26 ga Yuni, da yamma

Mun je asibiti. Vuokko ta zo ta raka mu. An daɗe da Orvokki a ciki, sannan aka kira ni da Vuokko. Likitar ta yi min tambayoyi, na amsa duka, har da man shanu, har da tambayar kan dutse. Orvokki tana zaune a gefe tana ji. Da na zo kan tambayar ta kama hannun Vuokko. Za a ɗauki hoton kai a watan gobe, akwai magani da zai iya rage gudun abin. Likitar ta ce kada ta ƙara tuƙa mota. Orvokki ta ce dama ba ta taɓa iyawa ba, a tambayi katangar maƙwabci.

Mun fito mun ci soyayyen kifin muikku a bakin tasha. Sirkka ta rufe rumfarta ta zo ta zauna da mu, ba ta tambayi komai ba, ta cinye min rabin kifi.

Jumma'a, 27 ga Yuni, da safe

Iska daga arewa. Na wanke jirgi. Da na gama na sake wanke shi.

Asabar, 28 ga Yuni, da la'asar

Yau Orvokki ta kira ni da sunan yayanta, Aulis, tun daga karin safe har muka isa tasha. Na amsa.

Litinin, 30 ga Yuni, da yamma

Fitarta ta ƙarshe. Ban gaya wa kowa ba, amma da muka iso tasha Sirkka tana layi da tikiti a hannu, da Tauno ya bar jirginsa a ɗaure, da mai sayar da furanni, da wasu direbobin motocin baƙi. Baƙin gaske kaɗan ne, suna ta mamakin yadda 'yan gari suke son ganin garinsu.

Ta yi komai daidai har Fada. A gaban hasumiyoyin ta fara labarin ragon, ta kai shi gindin katanga, sai ta tsaya. Injin kawai ake ji da ruwan mashigin yana jan jirgi. Na riƙe sitiyari da hannu biyu. 

Sai ta ce a makirfo, muryarta sarai, "Jama'a, ragon ya ɓace min. Wa ya gan shi?"

Tauno ya ce daga baya, ya hau katanga. Sirkka ta ce ana hadari. Mai furanni ta ce da walƙiya. Haka suka yi ta miƙo mata shi guntu-guntu, tana karɓa tana juya wa baƙi da harshensu, har abokan gaba suka ruga. An yi tafi. Ta ɗan rusuna, ta kashe makirfon, ta naɗe wayarsa ta miƙa wa Marjatta.

A gida ta ce ta gaji, ta kwanta tun rana tana taga. Na ci burodi da kifin gwangwani a tsaye.

Laraba, 2 ga Yuli, da rana

Ta zauna a gida jiya da yau. Na dawo cin abincin rana na same ta a kujerar kicin da rigar aiki da ɗan bajon sunanta a ƙirji. Ta ce ta san ba za ta je ba, ta sa ne kawai. Na ce gobe ta bi ni, akwai kujera a ɗakin tuƙi. Ta ce ba ta son ta tsaya wa Marjatta a wuya. Na ce ɗakin tuƙi nawa ne, Marjatta ba ta da iko da shi.

Asabar, 5 ga Yuli, da yamma

Gari ya cika, an fara wasannin waƙa a cikin Fada. Mata da dogayen riguna da bargo a hannu suna tsallaka gada, otal ba wuri, Sirkka ta ce tun kafin rana ta take lörtsy ya ƙare. Mun fita sau huɗu, duka a cike. Marjatta tana ƙoƙari. Ragonta dai har yanzu da sauri yake hawa.

Orvokki tana kujerar kusa da ni tun Alhamis. Ita ke zuba kofi, ita ke gaya min in wani kwale-kwale ya taho ta dama, ko da na riga na gan shi. A fita ta ƙarshe rana ta sauko ta bugi katangar Fada, duwatsun suka yi ja, ana jin masu kiɗa suna gwada kayansu daga ciki. Ta daɗe tana kallo ta taga. Can ta ce, ba ta ko juyo ba:

"Reijo, wannan ginin fa? Wa yake zaune a ciki?"

 Na rage gudu. Na ce fada ce, tsohuwa, an gina ta don tsaron iyaka, yanzu ba mai zama a ciki sai masu waƙa. Na ce sunanta Olavinlinna. Ina cikin neman abin da zan ƙara sai na ga kafaɗunta suna rawa.

"Wasa nake, tsoho," ta ce. "Yau dai wasa nake."

Na yi dariya, ita ma ta yi, har Marjatta ta leƙo ta ga ko lafiya. Na mayar da gudu, muka shige ƙarƙashin gada. Ban tambaye ta ba, ba kuma zan tambaya ba.

Gobe iska daga kudu. Fita ta farko da hantsi.